Maganar Dillali da Maganar Hatimi: Auna Asalin Tsohuwar Bindiga Mai Baki Biyu

Gabatarwa

A cikin watan Maris na shekarar 2010 aka kaɗa ƙararrawar gwanjo a jihar Maine ta ƙasar Amurka a kan wata tsohuwar bindiga mai baki biyu, aka sallama ta a kan dala 201,250. Ire-irenta da kamfani ɗaya ya ƙera a zamani ɗaya ba su kaiwa ko kusa da wannan kuɗi, kuma ƙotar da ke jikinta ma ba ita ce wadda ta fito da ita daga hannun maƙeri ba. Abin da mai saye ya zuba dukiyarsa a kai shi ne tabbacin cewa wannan bindiga ita ce wadda aka ce ita ce. Tabbacin nan shi ne jarin kasuwar tsofaffin bindigogi a Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai, kuma a kansa ne ake cin riba, a kansa ne ake cutar mutane.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba hanyar da ta dace a bi wajen yanke wa irin wannan bindiga hukunci. Ra'ayin da za a kafa shi ne, ƙyalli da daɗin bakin dillali ba hujja ba ne, hujja tana ga hatimi da lamba da jikin ƙarfe. Sa'an nan gyaran da aka yi a fili ba ya zubar da darajar bindiga, gyaran da aka ɓoye shi ne ha'inci.

Me ake nufi da asali?

Masu tara tsofaffin bindigogi sukan haɗa tambayoyi biyu cikin kalma guda, daga nan ne rikici ke tasowa. Tambaya ta farko ita ce, wa ya ƙera ta? Watau sunan da ke rubuce a jikinta na gaskiya ne ko na aro? Ta biyu kuwa ita ce, tana nan yadda maƙeri ya sallame ta, ko hannu ya shiga bayansa? Bindiga tana iya zama ta gidan Purdey na Landan babu ko tantama, amma an sake mata bututu da ƙota. Wata kuma tana iya kasancewa ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta ba, alhali sunan da take ɗauke da shi jabu ne tun ranar da aka ƙera ta. Duk manazarcin da bai raba waɗannan tambayoyi ba, hukuncinsa ba zai tsaya ba.

Dalilin da ya sa suna ke da nauyi haka a fili yake. James Purdey ya buɗe shagonsa a Landan a 1814, gidan Holland & Holland ya samo asali daga 1835, Westley Richards na Birmingham kuwa daga 1812, kuma a wannan gida ne Anson da Deeley suka fito da tsarin kunamar ciki da ke ɗauke da sunansu a 1875. Bindigogin waɗannan gidaje aikin hannu ne, ana auna kafaɗa da tsawon hannun mai saye kafin a sassaƙa masa ƙota. Inda suna ya yi tsada haka kuwa, ba a rasa mai son ya ci da shi. A ƙarshen ƙarni na 19 an yi ta shigar da bindigogi masu araha daga Beljiyam zuwa Amurka ɗauke da sunaye irin su W. Richards da T. Parker, domin manomin da bai ƙware ba ya ɗauka ya sami Westley Richards ko Parker Brothers a kan kuɗi kaɗan.

Shaida ta farko: hatimin gidan gwaji

Babu mai tona asirin irin waɗannan bindigogi kamar hatimi. A Ingila doka ta hana sayar da bindigar da ba a gwada ƙarfin bututunta ba. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami izinin sarki a 1637, aka kafa gidan gwaji na Birmingham da dokar majalisa a 1813, dokar 1868 kuma ta ɗaure al'amarin. Yadda ake gwajin shi ne, a ɗura wa bututu harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi nesa ba kusa ba, a harba, in ya jure bai tsage ba bai kumbura ba, sai a buga masa hatimi a ƙarƙashi, wurin da ba a gani sai an raba bututu da uwar bindiga. A birnin Liyej na Beljiyam an wajabta gwaji tun 1672, kuma hatiminsu sananne ne, watau haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, wanda aka ƙara wa kambi a bisa daga 1893. Saboda haka in an ga sunan Ingilishi a sama, aka juya aka ga ELG a ƙasa babu hatimin Landan ko na Birmingham, magana ta ƙare.

Bugu da ƙari, hatimi yana faɗin shekaru, domin ƙa'idojin gwaji sun yi ta canzawa. Rubutun NOT FOR BALL an yi amfani da shi ne daga 1875 zuwa 1887, a lokacin da aka fara matse bakin bututu don ƙananan ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule. Daga 1887 kalmar CHOKE ta maye gurbinsa. Ƙa'idojin 1925 suka kawo rubuta tsawon mazaunin harsashi da inci. Na 1954 suka kawo rubuta faɗin bututu da gutsuren inci, alal misali .729, tare da ƙarfin matsi da tan, da kuma hatimin BNP na Birmingham. Na 1989 suka koma ga milimita.

Amfanin wannan ga mai nazari babba ne. A ɗauka dillali ya rantse cewa bindiga ta 1880 ce kuma bututunta na asali ne. In aka duba aka sami NOT FOR BALL kaɗai da tsofaffin hatimai, maganarsa ta sami goyon baya. In aka sami tsofaffin hatimai ga kuma BNP a gefensu, to bututun na da ne, amma an mayar da shi gidan gwaji bayan 1954, sai a tambayi dalili. In kuwa BNP ne kaɗai babu tsohon hatimi ko ɗaya, lalle bututun ya zo duniya bayan uwar bindigar da shekara saba'in ko fiye. Dillali yana iya mantuwa ko ya yi ƙarya, amma hatimi ba ya canza magana.

Shaida ta biyu: lamba da kundin kamfani

Amurka ba ta da gidan gwaji na doka irin na Ingila, don haka masu tara bindigoginta suka fi dogara ga lamba da kundi. Maƙeran kirki sukan buga lamba ɗaya a kan uwar bindiga, da ƙarƙashin bututu, da ƙarfen mariƙin gaba, da garkuwar kunama, sau da yawa har da cikin katakon ƙota. Matakin farko ke nan: a kwance bindiga a ga ko lambobin sun dace, kuma ko siffar alƙaluman iri ɗaya ce. Lambar da aka buga daga baya takan bambanta a zurfi ko a jeri, ko a ga wurin ya ɗan lotsa saboda an goge wata lamba da magagari.

Misalin da ya fi nuna muhimmancin kundi shi ne na Parker Brothers na garin Meriden a jihar Connecticut. Kamfanin ya ƙera bindigogi wajen 242,000, Remington ya saye shi a 1934, aka daina ƙira a 1942. Bindigoginsa hawa-hawa ne, daga Trojan da VH na talakawan maharba har zuwa A-1 Special na attajirai, da Invincible wadda guda 3 kacal aka yi. Tsarin cikinsu kusan ɗaya ne, bambancin yana ga zayyanar ƙarfe da kyawun katako da irin bututu. Wannan ne ya buɗe ƙofar wata sana'a: a sayi VH da araha, a ba gwanin zane ya cika ta da ado, a sa mata ƙota mai kyau, a buga mata alamar babban matsayi. Ido kaɗai ba koyaushe yake kama wannan ba, domin wasu masu zanen gwanaye ne na gaske. Abin da ke kama shi shi ne littattafan oda na kamfanin da suka tsira, inda aka rubuta lamba da matsayi da tsawon bututu. In littafi ya ce lamba kaza VH ce mai bututu inci 30, ga shi kuwa a hannu tana sanye da rigar A-1 Special, to rigar aro ce. Haka nan kundin L.C. Smith yana ajiye a gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wyoming, manyan gidajen Landan kuma suna riƙe da nasu littattafan.

Sai dai kundi ma yana da iyaka. Wasu littattafai sun ɓace, magatakarda yakan yi kuskure, kuma bindiga takan koma kamfani a yi mata aiki ba a rubuta ba. Saboda haka kundi shaida ne mai ƙarfi idan ya yi magana, amma shirunsa ba ya tabbatar da kome.

Shaida ta uku: jikin bindiga

A nan ne ake bukatar ido da haƙuri. Ƙa'idar ita ce, tsufa yakan tafi daidai. Bindigar da aka yi shekara tamanin ana saɓawa za ta koɗe a inda hannu ke riƙewa, watau ƙarƙashin uwar bindiga da gefen bututu kusa da mariƙi, launi kuma ya saura a lungunan da hannu ba ya kaiwa. In aka ga ƙarfe yana ƙyalli kamar jiya aka yi shi, ga katako ya sha wuya, ko katako sabo fil ga ƙarfe ya cinye, ɗayansu ba tsaran ɗayan ba ne.

Kwaskwarima tana barin sawu. Kafin a sake baƙanta ƙarfe sai an goge shi, gugar nan kuwa takan cinye kaifin kusurwa, ta dusashe haruffa da zayyana, ta mai da bakin ramin sukuru kamar ɗan kwano. Tsatsar da ta ci rami takan bar ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin sabon launi. Maƙeri yakan bar katako ya ɗan ɗara ƙarfe tudu a inda suka haɗu; in aka ga katako ya nutse ƙasa da ƙarfe, an kankare shi ke nan. Launukan nan masu kama da gajimare da ke kan uwar bindiga ana samun su ne ta hanyar gasa ƙarfe cikin gawayin ƙashi a tsoma shi a ruwa, kuma sukan dusashe da shekaru. Masu algus sukan kwaikwaye su da harshen wuta, amma nasu yakan fito tabo-tabo zagayayye mai kaifin launi.

Bututu shi ne ran bindiga, shi ne kuma aka fi yi wa ɓarna. Yawancin bututai an yi su a kan cikakken inci, kamar 26 ko 28 ko 30 ko 32. In awo ya ba da 27 da ɗoriya, akwai zato. Bututun da aka datse yakan rasa matsewar bakinsa, kuma bakunan biyu ba su haɗuwa yadda ya kamata, sai a ga an cike tsakaninsu da dalma. A yawancin bindigogin Parker zanen da ke kan doron da ke tsakanin bututai yakan tsaya kafin ya kai baki. In ya zarce har ƙarshe, zarto ya bi ta wurin.

Akwai kuma abin da ya wuce maganar kuɗi. Bindiga mai lamba 12 faɗin bututunta .729 ne na inci, watau faɗin dunƙulen dalma wanda 12 irinsa ke cika laba ɗaya. Duk lokacin da aka rarake ciki don kawar da tsatsa, bango yana ƙara sirancewa. A ƙa'idojin 1954, in faɗin ya ƙaru da kashi 10 cikin 1,000 na inci bisa abin da hatimi ya faɗa, gwajin ya ɓaci, kuma sayar da ita haka laifi ne a Ingila. Haka nan in aka tsawaita mazaunin harsashi daga inci 2½ zuwa 2¾. Bututun da cikinsa ke sheƙi kamar madubi yana iya zama wanda aka cinye wa nama, kuma hannun hagu na maharbi a kan wannan bango yake zaune. Don haka ma'aunin kaurin bango ya fi fitilar leƙawa amfani.

Tsakanin gyara da ha'inci

A kan wannan batu ne Ingila da Amurka suka sha bamban. Masu tarawa a Amurka sun fi girmama bindigar da ba a taɓa ba, har sukan auna kashi nawa cikin 100 na launin farko ya saura, kuma sake launi yakan karya farashi ƙwarai. A Ingila kuwa an daɗe ana ɗaukar bindiga mai kyau a matsayin kayan aiki da ake mayar wa maƙeri bayan an gama kakar farauta, ya baƙanta bututu, ya matse abin da ya saki, in ta kama ya sake ƙota ga ɗan da ya gaji ubansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma sun yawaita wata dabara ta ceton bindigar da bututunta ya mutu: a yanke shi kusa da gindi, a cusa sababbin bututai cikin guntun da ya saura. Gidajen gwaji suka yarda da dabarar, amma bisa sharaɗin a sake gwaji a buga kalmar SLEEVED.

Kowane ɓangare yana da hujja. Mai ra'ayin Amurka zai ce launin farko da zanen farko aikin hannun mutumin da ya riga mu gidan gaskiya ne, in an goge ba ya dawowa, kuma wannan gaskiya ce. Amma in aka bi ra'ayin har ƙarshensa, sai ya haifi abin da yake gudu. Idan kasuwa ta ce bindigar da ba a taɓa ba ce kaɗai ke da daraja, to ta ba kowane mai gyara dalilin ɓoye gyaransa, har a sami gwanayen da sana'arsu ita ce tsofar da sabon aiki don ya yi kama da na da. Tsarin Ingila ya fi kusa da adalci a nan, domin ya yarda cewa abin da ake amfani da shi dole ya lalace a gyara, ya kuma tilasta a rubuta gyaran a jikin ƙarfe inda mai saye zai gani. Bindiga mai hatimin SLEEVED farashinta ya faɗi, amma mai ita ya san abin da ya saya. Wadda aka yi wa aikin aka ɓoye layin haɗi ba a buga kome ba, ita ce ta cuta.

Labarin bindigar da aka buɗe wannan maƙala da ita ya isa misali. Kamfanin A.H. Fox na Philadelphia ne ya yi ta, gwanin maƙeri Burt Becker ya gama aikinta a 1927 domin Nash Buckingham, marubuci kuma maharbin agwagwa daga Memphis. Saboda irin rugugin ƙararta aka laƙaba mata suna Bo Whoop. A watan Disamba na 1948, a jihar Arkansas, aka ɗora ta a jikin mota lokacin da jami'an kula da farauta ke duba takardu, aka manta aka ja mota. Buckingham ya rasu a 1971 bai sake ganinta ba. Bayan fiye da shekara 50 da ɓatanta ta bayyana a hannun wani maƙeri da aka kai wa ita da karyayyiyar ƙota. Abin da ya tabbatar da ita shi ne sunayen Buckingham da Becker a kan bututai, da lambarta 31088 wadda ta dace da abin da ke cikin takardun kamfani. Ba a ɓoye wa kowa cewa ƙotar ba ta farko ba ce, kuma hakan bai hana ta yin kuɗin da ta yi ba. Daga baya aka ba da ita kyauta ga ƙungiyar Ducks Unlimited a Memphis. Da wani ya yi wayon tsofar da ƙotar ya ce ta Becker ce, ranar da aka gane, shakka za ta hau kan sauran shaidun ma, domin wanda aka kama da ƙarya ɗaya ba a saurin gaskata shi a kan saura.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsayar da hukunci kamar haka. Kada a karɓi shaida ɗaya tilo, sai hatimi da lamba da jiki sun yi magana ɗaya. Inda suka saɓa, a bi wanda ya fi wuyar ƙirƙira, watau hatimin gidan gwaji da kundin kamfani, a bar labarin baka a ƙarshe. A raba tambayar wanda ya ƙera da tambayar abin da aka canza, a ba kowace amsarta. Mai sayarwa kuma ya rubuta duk gyaran da ya sani, domin mai saye ya biya kuɗin abin da ke gabansa.

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Birmingham da Liyej sun daɗe suna aiko da bindigogi Afirka ta Yamma, kuma tun zamanin mulkin mallaka bindiga mai baki biyu ta shiga hannun sarakuna da maharba a ƙasar Hausa. Wanda ya gaji irin wannan, bayan ya cika sharuɗɗan lasisi da dokar makamai ta 1959 ta gindaya a Nijeriya, babban alherin da zai yi mata shi ne ya shafa mata mai, ya ajiye ta inda babu laima, ya nisanta ta da magagari da fenti. Kada kuma ya ɗura mata harsashin zamani sai wanda ya san aikin ya auna bututunta. Hatiman nan ƙanana da ke ƙarƙashinta su ne kaɗai takardar haihuwarta, kuma guga ɗaya ta mai neman ƙyalli ta isa ta shafe su.